Yadda ake auna makin ƙananan sojojin Amurka masu neman muƙamin hafsan waranti

A rundunonin sojan Amurka akwai wani rukuni na jami'ai da ke tsakanin ƙananan sojoji da cikakkun hafsoshi, waɗanda ake kira hafsoshin waranti. Kowannensu ƙwararre ne a fanni guda, kamar tuƙin jirgi mai saukar ungulu, kula da injin jirgin ruwa, leƙen asiri, sarrafa makamai ko tsaron na'urorin kwamfuta, kuma akasarinsu daga cikin ƙananan sojoji ake zaɓo su. Daɗewa a bakin aiki kaɗai ba ta kai soja wannan matsayi. Shi da kansa zai nema, a duba cancantarsa, a ba shi maki, sannan a jera shi da sauran masu nema a fanninsa gwargwadon guraben da ake da su a shekarar.

Kowace runduna tana da ƙa'idojinta, amma duka suna bin matakai iri ɗaya. Da farko akwai sharuɗɗan shiga takara, sai makin da ake fitarwa daga tarihin aikin soja, daga ƙarshe kuma hukuncin kwamitin zaɓe.

Matsayin hafsan waranti

A Najeriya, wadda ta gaji tsarin sojan Birtaniya, muƙamin waranti shi ne ƙololuwar tsanin ƙananan sojoji. Soja yana hawa daga kurtu zuwa las kofur, kofur, saje da babban saje, kafin ya kai matakan waranti, inda ake samun waɗanda jama'a suka fi sani da samanja. A Amurka kuwa, hafsan waranti ya fita daga sahun ƙananan sojoji gaba ɗaya. Ana lissafa shi cikin hafsoshi, ƙananan sojoji suna sara masa, kuma yana da tsanin albashi na daban.

Sojan Amurka yana amfani da haruffa da lambobi wajen bambanta matakai. Ƙananan sojoji suna kan E-1 zuwa E-9, hafsoshin waranti suna kan W-1 zuwa W-5, cikakkun hafsoshi kuma suna kan O-1 zuwa O-10. Daga W-2 zuwa sama, takardar naɗin mutum tana fitowa ne da sunan shugaban ƙasa, kamar ta sauran hafsoshi. Bambancinsu da laftanar ko kyaftin shi ne, cikakken hafsa ana juya shi daga wannan aiki zuwa wancan domin ya koyi shugabanci ta fuskoki da yawa, shi kuwa hafsan waranti yana zama a fanninsa shekara da shekaru har ya zama abin tuntuɓa.

Rundunar Sojan Ƙasa tana ɗaukar ranar 9 ga Yulin 1918 a matsayin mafarin wannan rukuni a cikinta, lokacin da Majalisar Dokoki ta amince da naɗa irin waɗannan jami'ai a jiragen da ke dasa nakiyoyi a teku. Dokar 1954 ta tabbatar da matakan W-1 zuwa W-4, wata doka ta 1991 kuma ta ƙara W-5. A yau hafsoshin waranti kimanin kashi 3 cikin 100 ne na rundunar. Rundunar Sojan Sama ta daina naɗa su a 1959, ba ta dawo da muƙamin ba sai a 2024, shi ma a fannin kwamfuta da tsaron intanet kawai.

Sharuɗɗan shiga takara

Kafin a fara maganar maki, dole mai nema ya cika wasu sharuɗɗa. A Rundunar Sojan Ƙasa ana buƙatar ya kasance ɗan ƙasa, ya kammala sakandare ko makamanciyarta, ya mallaki izinin ganin bayanan sirri, ya ci gwajin ƙarfin jiki da na lafiya. Ana kuma buƙatar maki 110 ko fiye a ma'aunin GT, wanda ake fitarwa daga sassan fahimtar harshe da lissafi na jarrabawar shiga soja ta ASVAB. Wannan sharaɗi ba a yi wa kowa sassauci a kansa, don haka wanda makinsa bai kai ba sai ya sake zama jarrabawar.

Masu neman fannonin fasaha yawanci sun kai matakin saje, wato E-5 ko sama, kuma sun yi shekaru suna aikin da ya dace da fannin da suke nema. Ana so kada su wuce shekara 12 a aikin soja, iyakar shekarun haihuwa kuma 46 ce. Masu neman tuƙin jirgi suna da nasu ma'auni: kada su wuce shekara 8 a aiki, kada su kai shekara 33 da haihuwa lokacin da kwamiti zai zauna, kuma su samu aƙalla maki 40 a jarrabawar SIFT, wadda makinta ke kamawa daga 20 zuwa 80. A fannin tuƙin jirgi ana karɓar takardun farar hula da bai taɓa shiga soja ba.

Rundunar Marin, wato sojojin ƙundumbala na ruwa, tana karɓar saje mai aƙalla shekara 8 a aiki a fannonin fasaha, amma mai son zama ƙwararren makaman sojan ƙasa sai ya kai E-7 tare da shekara 16. Rundunar Sojan Ruwa ta fi ɗaukar waɗanda suka kai E-7 zuwa E-9 kuma suka haura shekara 10 suna aiki, tana naɗa akasarinsu kai tsaye a W-2. Ita ma Rundunar Tsaron Gaɓar Teku a W-2 take farawa. Tana neman shekara 8 na aiki, da matakin E-6 ko sama, da amincewar kwamandan mai nema. Wanda ke E-6 sai ya faɗo cikin rabin sama na jerin masu jiran ƙarin girma zuwa E-7. Hukuncin kotun soja, ko na kotun farar hula, ko horon ladabtarwa daga kwamanda a cikin shekara uku kafin nema yana fitar da mutum daga takarar.

Makin share fage

A cikin rundunonin duka, tsarin da ya fi fito da lissafinsa fili shi ne na Rundunar Tsaron Gaɓar Teku, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida tun 2003. Ƙa'idar da ta daɗe tana aiki da ita ta tanadi makin share fage, wanda ake fitar wa kowane mai nema kafin kwamiti ya ga fayil ɗinsa. Makin ya kasu kashi biyu. Gogewa tana ɗaukar kashi 40 cikin 100, rahotannin auna ƙwazo kuma suna ɗaukar kashi 60.

Ɓangaren gogewa ƙirga watanni ne. Kowane cikakken wata da soja ya yi a matakin E-6 yana ba shi maki ɗaya, kowane wata a E-7, E-8 ko E-9 kuma yana ba shi maki biyu. An sanya iyaka biyu: abin da ake iya samu daga zaman E-6 ba ya wuce maki 100, jimillar ɓangaren duka kuma ba ta wuce 175.

A ɗauki misalin sojoji uku. Na farko ya yi wata 60 a E-6 da wata 36 a E-7. Makinsa 60 ne a tara da 72, wato 132, kimanin kashi uku cikin huɗu na abin da ake iya samu a ɓangaren. Na biyu ya yi wata 120 a E-6 bai samu ƙarin girma ba. Duk da ya fi na farko daɗewa da shekara biyu a waɗannan matakai, makinsa 100 ne kacal, domin wata 20 na ƙarshe ba su ƙara masa komai ba. Na uku ya yi wata 48 a E-6 da wata 70 a E-7. Lissafinsa ya kai 188, amma 175 za a rubuta masa.

Waɗannan iyakoki suna da tasiri a kan wanda ke kaiwa gaban kwamiti. Ninka makin watannin E-7 yana fifita wanda ya riga ya ci gasar ƙarin girma ya fara jagorantar mutane. Tsayar da makin E-6 a 100 yana hana wanda ya tsaya wuri ɗaya ya tara maki da zama kawai. Iyakar 175 kuma tana nufin cewa tsofaffin ma'aikata da dama za su yi kunnen doki a ɓangaren gogewa, sai rahoton ƙwazo ya raba gardama tsakaninsu.

Ɓangaren kashi 60 ana fitar da shi ne daga makin da shugabanni suka ba soja a shekara huɗu na ƙarshe kafin rufe karɓar takardu. Saboda haka kyakkyawan aikin da aka yi shekara 10 da suka wuce ba ya shiga wannan lissafi, haka ma tsohon rauni da mutum ya riga ya gyara. Bayan an haɗa ɓangarorin biyu, ana jera masu nema a kowane fanni daga sama zuwa ƙasa. Waɗanda ke gaba su ne 'yan takara na farko, na bayansu kuma masu jiran ko-ta-kwana, waɗanda za su maye gurbin duk wanda ya janye ko aka cire. Aikin makin share fage shi ne tace waɗanda fayilolinsu za su isa teburin kwamiti. Ba shi ke naɗa mutum ba.

Rahoton auna ƙwazo

Tun da rahoton auna ƙwazo ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka, yadda ake rubuta shi yana da muhimmanci ga makomar soja. A Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ana auna ƙaramin soja sau ɗaya ko sau biyu a shekara gwargwadon matakinsa, a kan ma'aunin 1 zuwa 7, inda 4 ke nufin ya cika abin da ake buƙata. Ana duba ɗa'arsa ta soja, ingancin aikinsa, halayensa na ƙwararre da iya shugabancinsa. Rahoton yana bi ta hannun mutum uku: shugabansa na kusa, jami'in da ke sanya maki, da jami'in da ke amincewa. Sojan da ke ganin an tauye shi yana da damar ɗaukaka ƙara.

Matsalar da ke damun irin wannan tsari a ko'ina ita ce kumburin maki, wato kowane shugaba ya riƙa ba mutanensa maki mai yawa don kada a bar su a baya. Idan kowa ya zama gwani a takarda, rahoton ya rasa amfani. Rundunar Sojan Ƙasa ta ɓullo wa abin ta hanyar sabon rahoton da ta fara amfani da shi a Janairun 2016. Babban mai auna soja yana zaɓar ɗaya daga matakai huɗu, daga mafi cancanta zuwa wanda bai cancanta ba, kuma ga masu muƙamin E-6 zuwa sama ba a yarda ya ba fiye da kashi 24 cikin 100 na waɗanda yake aunawa matakin mafi cancanta ba.

Rundunar Sojan Ruwa tana ba da maki daga 1.0 zuwa 5.0 a kan kowace ɗabi'a ta aiki, sannan ta taƙaita shawarar a gaggauta ƙarin girma ga kashi 20 cikin 100 na kowane rukuni da ake aunawa tare. Tana kuma ajiye matsakaicin makin da kowane kwamanda ya saba bayarwa. Da wannan ne kwamiti ke gane cewa maki 4.0 daga hannun kwamanda mai tsauri, wanda matsakaicinsa 3.6 ne, ya fi maki 4.2 daga hannun wanda ya saba ba da 4.4.

Abin da fayil ke ƙunsa

Ban da rahotannin ƙwazo, mai nema yana haɗa takardar tarihin aikinsa, shaidar karatu da kwasa-kwasai, lambobin yabo, da wasiƙun shaida. A Rundunar Sojan Ƙasa wasiƙun suna fitowa daga kwamandan kamfani, kwamandan bataliya, da kuma wani babban hafsan waranti na fannin da ake nema. Kafin fayil ya isa kwamiti, ofishin da ke kula da fannin yana duba ko gogewar mai nema ta dace da aikin. A Rundunar Sojan Ruwa hafsoshi uku ne ke yi wa mai nema tambayoyi gaba da gaba, kowannensu ya cika takardar ra'ayinsa a saka a fayil. A Rundunar Tsaron Gaɓar Teku kwamanda yana rubuta wa ɗan takara rahoto na musamman a kan irin takardar da ake auna hafsoshi da ita, domin a ga yadda zai tsaya idan aka auna shi da ma'aunin matsayin da yake nema.

Gaban kwamitin zaɓe

Kwamitin zaɓe ya ƙunshi hafsoshi da manyan hafsoshin waranti. Suna rantsuwa cewa za su yi adalci kuma ba za su fitar da sirrin muhawararsu ba, sannan ana ba su takardar umarni da ke bayyana adadin guraben kowane fanni da irin halayen da runduna ke nema. Ɗan takara ba ya bayyana a gabansu, fayil ɗinsa ne ke magana a madadinsa.

Kwamitin Rundunar Sojan Ƙasa yana zama a sansanin Fort Knox da ke jihar Kentucky, sau da dama a shekara. Ma'aunin da kwamitocin wannan runduna suka saba amfani da shi yana kamawa daga 1 zuwa 6, tare da alamar ƙari ko ragi don bambanta waɗanda suka yi kusa da juna. Maki 6 na nufin lallai a zaɓa, 3 na nufin a zaɓa idan akwai gurbi, 2 kuma kada a zaɓa. Kowane mamba yana duba fayil shi kaɗai ya sanya makinsa, sannan a tara makin duka a fitar da jerin cancanta. Idan aka ga tazara mai yawa tsakanin makin mambobi biyu a kan fayil ɗaya, ana mayar musu da shi su sake dubawa. Saboda yawan fayiloli, mintuna kaɗan kowane ɗaya ke samu, shi ya sa ake matsa wa masu nema su rubuta nasarorinsu a taƙaice tare da alƙaluma.

Kwamitocin Rundunar Sojan Ruwa, waɗanda ke zama a garin Millington na jihar Tennessee, suna bin wata hanya daban. Ana raba fayiloli tsakanin mambobi, kowa ya yi nazarin nasa. Daga nan sai su taru a ɗaki guda, a haska taƙaitaccen tarihin ɗan takara a allo, wanda ya yi nazarinsa ya gabatar da shi, sauran su kaɗa ƙuri'a a asirce. Ƙuri'ar mataki biyar ce: 100 ga wanda lallai a zaɓa, 75 ga wanda ya kamata a zaɓa, 50 ga wanda ake kokwanto a kansa, 25 ga wanda da wuya a zaɓa, da sifili ga wanda ba za a zaɓa ba. Idan mambobi 10 ne, huɗu suka ba da 100, huɗu suka ba da 75, biyu suka ba da 50, matsakaicin ɗan takarar 80 ne. Bayan an gama zagaye, kwamiti yana ware waɗanda ke can sama a matsayin zaɓaɓɓu, ya sauke waɗanda ke can ƙasa, sannan ya sake muhawara da ƙuri'a a kan na tsakiya har guraben su cika.

A 2020 Rundunar Sojan Ƙasa ta cire hoton soja daga fayilolin da ake kai wa kwamitocin ƙarin girma, tare da ɓoye bayanan launin fata, ƙabila da jinsi, domin rage son zuciya wajen ba da maki. A watan Yulin shekarar ne Sakataren Tsaro na lokacin, Mark Esper, ya umarci dukkan rundunonin da ke ƙarƙashin ma'aikatarsa su daina amfani da hotuna a irin waɗannan kwamitoci.

Gurbi da sakamako

Babu wani tsayayyen maki da za a ce duk wanda ya kai shi ya ci. Gasar tana tsakanin masu neman fanni ɗaya ne, kuma adadin guraben yana sauyawa daga shekara zuwa shekara gwargwadon waɗanda suka yi ritaya da bukatun runduna. Makin da ya isa a zaɓi mutum a fannin da ke fama da ƙarancin ma'aikata yana iya gazawa a fannin da masu nema suka yi yawa, kuma makin da ya ci bara yana iya faɗuwa bana.

A Rundunar Sojan Ƙasa sakamako iri uku ne. Akwai wanda aka zaɓa. Akwai wanda ya cancanta amma gurbi bai kai kansa ba, kuma fayil ɗinsa yana komawa gaban kwamiti na gaba da zai duba fanninsa, tare da damar ƙara sababbin takardu. Idan aka sake tsallake shi karo na biyu, sai ya jira shekara guda kafin ya shigar da sabuwar takarda. A Rundunar Tsaron Gaɓar Teku kwamiti yana fitar da jerin waɗanda suka cancanta a kowane fanni bisa fifiko, a ja layi gwargwadon guraben da ake hasashe. Jerin yana aiki na shekara ɗaya, kuma waɗanda ke ƙasan layi suna iya samun naɗi idan ƙarin gurabe suka buɗe kafin wa'adin ya ƙare.

Bayan zaɓe

Wanda aka zaɓa a Rundunar Sojan Ƙasa yana zuwa makarantar horar da hafsoshin waranti da ke sansanin Fort Rucker a jihar Alabama, inda yake yin kimanin mako biyar kafin a naɗa shi W-1, sannan ya wuce kwas ɗin fanninsa. Daga 2023 zuwa 2025 sansanin ya amsa sunan Fort Novosel, don tunawa da Michael Novosel, hafsan waranti matuƙin jirgin ceto da ya samu lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka a yaƙin Biyetnam. Sababbin hafsoshin waranti na Marin suna yin nasu kwas a Quantico da ke jihar Virginia, na Rundunar Tsaron Gaɓar Teku kuma a New London da ke jihar Connecticut.

Karɓar muƙamin yana zuwa da alƙawarin ci gaba da aiki. A Rundunar Sojan Ƙasa, masu fannonin fasaha suna ɗaukar nauyin shekara 6, matuƙan jirgi kuma shekara 10 bayan kammala horon tuƙi, ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoban 2020. Daga nan rahoton da ake auna mutum da shi yana komawa irin na hafsoshi, kuma hawa zuwa W-3 da matakan da ke sama da shi yana bi ta gaban wasu kwamitocin zaɓe.